Tukkun Isaka

Kalla wanzami ya wasa aska a tafin hannunsa, ya dubi ƙeyar Isaka, ya sake duban uwar.

"Kin tabbata, Mairamu? Tukkun wabi ne fa. In aska ta hau, ba ya komawa."

"Aske, Kalla. Ba don hira na kira ka ba."

Ya aske. Gashin ya faɗo kan tabarma, Mairamu ta tsince shi tas, ta ƙulle a bakin zanenta.

'Ya'ya huɗu ta binne a Karofane kafin Isaka. Da ya zo, tsofaffi suka ce a bar masa tukku, kada aska ta taɓa wurin sai ya zama mutum. Shekara goma sha biyar ke nan tukkun yana nan. Da Nasara ya nemi yara don lakwal, makarantarsa ta boko, mai gari ya yi abin da masu gari suka saba, ya ɓoye nasa ya miƙa ɗan wadda mijinta ya mutu. Mairamu ta ɗauki ƙwaryar furarta ta biyo ɗanta har Madawa, ta kama ɗaki a bayan kasuwa.

To, yaron sai ya fito da kai, ga kuma ƙafa. Mushe Mahaman, malamin lakwal, shi ya koya masa balo a filin bayan aji, ba takalmi, da ƙwallon roba ɗaya mai faci kamar zanen mahaukaciya. Shi ne kuma ya ce bana za a kai Isaka babbar lakwal ta Yamai. Kalmar nan ita ta hana Mairamu barci. Ɗan maƙwabciyarta ya je Yamai, ya dawo sau ɗaya, ya gai da uwarsa a tsaye da hula a ka, bai sake dawowa ba.

Maganin kuwa wajen Sarsan Tanko ta samo shi. Tanko tsohon soja ne, shi ke da ƙungiyar balo ta gari: masu gadin bariki, ɗan akawu ɗaya, da mai gyaran mota. Suna da ƙwallon fata da takalma masu ƙusa. Yana cewa ya buga a Dakar gaban dubban mutane. Matarsa dai ta gaya wa matan rijiya cewa dankali ya fere a Dakar, amma ba a faɗin haka a gabansa.

"Lakwal ba ta riƙe ƙato," in ji Tanko. "Yau kumandan da baƙinsa za su kalli wasa, mu da 'yan lakwal. Ki aske tukkun ga, in sa mai riga da takalmi, shi buga cikin manya. In anka tambaya, shekara ashirin gare shi. Kumandan da kansa zai ce a kore shi daga aji. Ni kuwa in kai shi wurin mai gyaran mota. Kullum kina ganin abinki."

Da hantsi Mairamu na damun fura a rumfarta, sai ga Mushe Mahaman. Bai saba shiga kasuwa ba, har mata suka bar ciniki suna kallo. Ya tsuguna.

"Inna, ban ga Isaka a aji ba. An ce an gan shi ba tukku."

"Kansa ne, ba na lakwal ba."

"Tanko ba ya koya wa yaro komai. Ƙarfi yake nema na yau ɗaya. Ni na koya wa Isaka ɗaga kai ya ga ɗan'uwansa kafin ya buga. Ƙashinsa bai ƙosa ba, Inna. Cikin tsaransa zai girma a hankali. Cikin ƙattin can ƙafa za su karya masa."

"Ƙafa in ta karye ana ɗori, Mushe. Ɗan da ya tahi Yamai wa ka ɗora shi?"

Matan rumfar kusa suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Mushe ya rage murya.

"Kin san baƙin da suka zo daga Tawa? Kaftin ne da lokotoro, likitan soja. Soja suke ɗiba, yaƙi ya tashi a ƙasar Nasara. Ɗan lakwal ba a taɓa shi. Wanda ba ɗan lakwal ba, ban sani ba."

"Tanko ya ce tun jiya sunka cika adadinsu daga ƙauyuka."

"Tanko ya ce."

"Kai ma cewa kake. Tsoro kake ji a ci ku yau don babu Isaka."

Ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa. Ta ba shi ludayin fura, ya ƙi sha. Ta ga haka alamar mai jin haushi ce, hankalinta ya ƙara kwanciya.

Bayan la'asar gari ya taru a filin bariki. An jera kujeru a inuwa, kumandan a tsakiya, kaftin jajir kamar an yaɓa masa manja, lokotoro kuma yana ta korar ƙuda da hularsa. Gefe guda, ƙarƙashin gawo, samarin da aka kwaso daga ƙauyuka suna zaune a ƙasa, mai gadi tsaye a kansu. Mairamu ta kau da ido daga wajen.

Da Isaka ya shigo cikin rigar ƙungiya, kai ƙwal, takalmi ya ƙara masa tsawo, ita kanta ta ɗan yi jim kafin ta gane shi. Ubansa ta gani sak.

'Yan lakwal suka fara da irin wasansu, wannan ya tura wa wancan, wancan ya mayar, ƙwallo na yawo kamar ƙwaryar goro a wurin suna. Ƙattin Tanko suka yi ta bin iska suna haki. Sai Tanko ya daka tsawa a ba Isaka. Yaron ya san duk inda tsaransa ke bi, don tare suka koya. Ya tare ƙwallo, ya sa kafaɗa ya ture abokin zamansa na aji har ya yi ƙundumbala, ya buga. Mai tsaron gida bai ma motsa ba. Ya ƙara ta biyu. A ta uku takalmin ya sauka a ƙaurin wani ƙaramin yaro, aka ɗauke shi yana kuka. Isaka ya tsaya zai duba shi, Tanko ya ce ya wuce, ba a lakwal yake ba.

Kaftin ya yi ta tafi. Da aka tashi, ya ɗaga yatsa ya kira Isaka. Tafinta ya matso.

"Kaftin ya ce shekarunsa nawa?"

"Ashirin," in ji Tanko, ƙirji a gaba. "Ni na raine shi."

Mushe Mahaman ya kutso cikin mutane yana magana da Faransanci da sauri, yana nuna yaron, yana nuna aji. Kaftin ya saurara, ya ɗaga kafaɗa. A lokacin ba wanda ke da takardar haihuwa, ido da bakin iyaye su ne shaida.

"An ce a kira uwar," in ji tafinta.

Aka turo Mairamu gaba. Ba ta taɓa tsayawa kusa da Nasara haka ba. Mushe ya dube ta, ya girgiza kai a hankali.

"Mushe ya ce sha biyar ne, ɗan ajinsa ne, Yamai za shi. Sarsan ya ce ashirin. Ke kika haife shi. Wace shekara?"

Ta ji Yamai, ta ji tukkun a bakin zanenta. Ba ta iya lissafin Nasara ba, amma ta san shekarar da kowa ya sani.

"Shekarar babbar mura, wadda ta kwashe mutane."

Ba ƙarya ta ƙaga ba. Ta haihu a shekarar. Ɗan fari ne, bai kai yaye ba. Shekararsa ta ara wa ƙanensa.

Tafinta ya juya maganar. Kaftin ya lissafa da yatsu, ya yi murmushi, ya ce wa Mushe wani abu da ya sa mutumin ya sunkuyar da kai. Mairamu ta saki numfashi. Lokotoro ya taso, ya buɗe bakin Isaka kamar mai sayen jaki, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya matsa cinyarsa, ya gyaɗa kai.

"To, ya fita lakwal?" Mairamu ta tambayi tafinta.

"Ya fita." Tafinta bai dube ta ba. "Biyu daga cikin na ƙauye sun tsere jiya, sun ƙetara ƙasar Ingilishi. Ana neman cikon gurbinsu."

Mai gadi ya kama hannun Isaka ya nufi gindin gawo da shi. Yaron ya waiwayo sau ɗaya.

"Inna?"

Ta ce ƙarya ta yi. Ta faɗa da ƙarfi, ta kwance bakin zane ta nuna gashin, ta ce a tambayi Kalla, yau da safe aka aske. Kalla kuwa tuni ya sulale. Tafinta ya ce maganar da aka faɗa gaban kumandan ba a mayar da ita, in kuma ta nace, ita da Sarsan za su kwana a gidan kaso. Tanko da ya ji an ambaci sunansa, sai ya ce shi abin da uwar ta gaya masa ya faɗa. Ya je gindin gawo ya tsuguna gaban Isaka. Mutane suka zaci haƙuri zai ba shi. Igiyar takalmin yake kwancewa.

"Can za a ba ka naka," in ji shi. Ya rataya su a wuya ya tafi.

Fili ya watse. 'Yan lakwal suka ɗauki ƙwallonsu mai faci suka bi hanyar aji. Mushe Mahaman ya rage, yana tsaye nesa kaɗan da Mairamu. Ta jira ya zage ta, bai zage ta ba.

"Mushe, Yamai ɗin nan, mutum na iya zuwa a ƙafa?"

"Da nisa, Inna, amma ana zuwa."

Ta mayar da gashin, ta ƙulle zanen ƙulli biyu.

"Inda za su kai shi fa?"

Mushe ya dubi gindin gawo.

"Can akwai ruwan teku a tsakani."