Kwanon Turai a Ɗakin Baba Bobai

"Ajiye kwalin nan, Tomas!"

Turai ta tare matakala, ta riƙe ƙugu. Tomas ya tsaya rungume da kwalin littattafan ubansa. Daga Birmingham ya zo da motar haya zai kwashe ɗakin. Uban nasa, Baba Bobai, maƙwabcinta a benen nan na unguwar Cheetham Hill a Ingila, ya rasu a asibiti, ba wanda ya ga dama ya gaya mata. Tana ta buga ƙofa da tuwo a hannu, ashe bawan Allah yana ɗakin ajiye gawa.

Tomas ya ce, "Anti, asibiti next of kin suke kira, wato dangi na jini. A Birmingham za mu binne shi, family only. Ke ai neighbour ce kawai."

Nan ranta ya gama ɓaci. Wannan kalmar fa ta neighbour, wato maƙwabci, tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jami'a yana bin asalinta. Duk ranar da ta kai masa abinci sai ya tsare ta a bakin ƙofa: Jamusawa na cewa Nachbar, mutanen Denmark nabo, Turawan Ingila na dā neahgebur, duk tushensu ɗaya, wato wanda ya zauna kusa da kai. Ita kuwa miyarta na kan wuta, sai ta ce, "Baba, ka ci dai kafin ya huce."

"Kawai?" in ji Turai. "Ubanka ya ce ma'anarta na kusa. To wa ke kusa ranar da ya faɗi a banɗaki? Wa ke raka shi wurin likitansa, GP? Kai ko waya ba ka ɗauka! Mutum ya mutu ba zaman makoki, sai ka ce tsohon firji aka fitar? Ku binne shi inda kuka so, amma wallahi a benen nan sai an zauna masa."

Tomas ya ajiye kwalin, ya koma ciki, ya fito da wani kwano.

"A kan tebur na gan shi. Ina jin ba nasa ba ne."

Nata ne. Baba Bobai bai taɓa mayar mata da kwano fanko ba, don a al'adar gida ba a yin haka. Ya wanke shi tas, ya saka lemo biyu, har sun fara yamushewa.

Turai ta shimfiɗa tabarma a falonta, ta ajiye kwanon a tsakiya, ta bar ƙofa a buɗe. Can sai ta ji Tomas yana cire takalmi a bakin ƙofar.