Mai Kwanson Ƙasan Teku

A bazarar nan wata mata ta jefa mu duka cikin ruɗani, kuma babu wadda ta san ko wace ce.

Mu matan ƙauyenmu na gabashin tsibirin Jeju nutso muke yi. Da numfashi ɗaya muke sauka mu ɓamɓaro jonbok, dodon koɗin tekun nan mai faɗin tafin hannu da ke manne wa dutse kamar an kafa shi da ƙusa. In kika gan shi numfashinki ya kusa ƙarewa, ba kya yi masa garaje, don yana iya danne ƙarfen ɓamɓarar da ke ɗaure a hannunki ya riƙe ki a ƙasa. Sai ki zaro ɗan kwanson da ke soke a ɗamararki, ki ajiye a gefensa, cikinsa mai walƙiya yana kallon sama, ki hau ki sha iska ki dawo. Duk wadda ta tarar da kwanso ta san jonbok ɗin da mai shi, ko yunwa za ta kashe ta ba ta taɓawa.

To, sai kwansuna suka fara yawa a Baƙin Dutse, inda mu 'yan ruwa mai zurfi muke aiki. Yau ki ga ɗaya, gobe ki ga wani, kowanne a gefen jonbok mai ƙiba, kuma mai su ba ta dawowa. Ni dai raina ɓaci yake yi. Ki sauka har kunnuwanki su yi kamar za su fashe, ki ga abin da zai cika tukunya, ki juyo hannu rabbana saboda wata sakarya ta yi kamu ta tafi yawonta.

Muna jin ɗumi a bakin wuta bayan fitowa, Okryon shugabarmu ta buga ƙarfenta a dutse.

"Wace ce mai kwansunan nan? Ta faɗa, ba dukanta za mu yi ba."

Kowa ta ci gaba da ɓare gasasshen dankalinta.

"Matan ƙauyen gaba ne," in ji wata.

"Su yi iyo har nan don su ajiye kwanso su koma? Ke ma dai!"

Pilnyo, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce ai wata ce cikin waɗanda teku ya ci tana kamun abinta. Aka yi mata caa, amma na ga wasu sun ƙara matsowa kusa da wuta.

Wadda ta fi kowa faɗa ita ce Innata, Gyewol. Ta doshi tamanin, kuma tun kafin a haifi Okryon take cikin 'yan zurfi.

"Rashin tarbiyya ne," ta ce. "A zamaninmu mace ta ajiye kwanso, kafin fiton da take yi wajen shan iska ya huce ta koma ta ɗauke abinta. Duk inda na sauka yanzu sai in tarar 'yar banzar nan ta riga ni."

Abin ya fi cin ta fiye da kowa, don ragar da take zuba kamunta a bushe take dawowa tun farkon kakar jonbok. Okryon ta riga ta ja ni gefe ta ce min, in aka rufe kakar jonbok a haka, Inna za ta koma tekun tsofaffi, wato 'yar gaɓar da ake ware wa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, su tsinci ciyawar teku. Da na gaya wa Inna, sai ta ajiye cokali.

"Ni? A ruwan da bai kai min cinya ba? Malsun, gara ki haƙa rami ki sa ni."

Na rasa gane kan lamarin. Numfashinta bai ragu ba, tana daɗewa a ƙasa fiye da ni. Idonta ras, tana zura zare a allura ba gilashi. A gida ma lafiya lau, ban da mitar da take min kowace safiya cewa na ɓatar mata da kwanson ɗamararta. Sai in ce ban taɓa ba, ta ce to aljanu ne, ta je jikin katanga inda muke tara su ta ɗauki wani. Har zargin Pilnyo na yi, na ce ko ita ke yi don a kori Inna ta samu gurbi a jirgin da ke kai 'yan zurfi. Muka yi cacar baki, ta rantse da kabarin mijinta, na dawo gida kaina ya ƙara kullewa.

Ana saura kaɗan a rufe kakar jonbok, na ƙudura ba zan nemi komai ba, bayan Inna kawai zan bi, in kama mai riga ta ɗin da idona.

Ruwa ya yi garau ran nan. Na gan ta ta sauka, ta zagaya wani dutse, ta tsaya. Jonbok ne wanda na daɗe ban ga irinsa ba, kuma babu komai a gefensa. Ta daɗe a ƙasa, don haka ta yi abin da ya dace: ta zaro kwansonta ta ajiye, ta hau. Na bi ta. Ta rungume gorar iyonta ta saki fito, ta huta, tana kallon tsuntsaye. Daga nan ta gyara gilashin nutsonta ta sake nutsawa, ni ma na bi.

Ta kai wurin. Ta ga kwanson. Ta tsaya tana kallonsa, ta girgiza kai, ta juyo ba ta taɓa komai ba.

Ban san yadda na kai sama ba. Na sha ruwan gishiri, ina tari, ita kuwa tana ta masifa.

"Kin gani ko? Ta kuma riga ni! Ƙato kamar faranti, Malsun, ga kwansonta a gefe."

Na dubi ɗamararta, wayam. Na dubi fuskarta ko wasa take, babu alamar wasa. Tsoro ya kama ni irin wanda teku bai taɓa ba ni ba.

"Inna," na ce, "na san mai shi."

"Wace ce?"

"Ta ce ta bar miki. Duka na wurin nan ta bar miki."

"Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta sauka, ta zura ƙarfe sau ɗaya, jonbok ya saki dutse. Ta yi ta sauka tana hawa, tana bin kwansunan ɗaya bayan ɗaya, har ragarta ta nemi nutsar da gora. A jirgi mata suka ɗau guɗa. Pilnyo ta ce tsohuwa ta auri sarkin ruwa. Okryon ta dafa kafaɗata tana dariya.

"Manta da zancen tekun tsofaffi. Baɗi ma da ita za mu fita."

Inna na zaune a kan ragarta tana sheƙi kamar amarya, ni kuma na rasa ko murna zan yi ko kuka.

A hanyar gida na goya mata kayan, muna bin katangun baƙin dutse. Da muka wuce gonar lemo, sai ta riƙo hannuna.

"Matar nan, ki yi mata godiya. Tana da ido, ta san inda manya suke."

"Zan yi, Inna."

"Amma tana da 'ya'ya?"

"Tana da 'ya ɗaya."

"To ki samu 'yar ki gaya mata gaskiya, kada ki ji kunya. Macen da ke mance jonbok ɗinta a ƙasa, wata rana za ta mance ta hau. Ta hana uwarta zuwa zurfi, ko da za ta tsine mata. In ta ƙyale ta, ita ta kashe ta."

Na sauke ragar a ƙofar gida, na ce mata ta shiga ta ɗora ruwa, yanzu zan dawo.

"Ina za ki kuma?"

"Gidan Okryon, Inna. 'Yar tana da magana da ita."