Wata Biyar Babu Nama

Likita yana naɗe takardar gwajin zuciya, matar mahauci ta gane babu labari mai daɗi, don ya ƙi yarda su haɗa ido.

Wata biyar ke nan da ta kori nama daga tukunyarta. Tun ranar da maigidan ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburinsa na kasuwa, aka ce kitse ya toshe masa jijiyoyi, sai wake da kabeji da alayyafo. Mutumin da ya shekara talatin yana karya kumallo da hanta! Abokan sana'arsa kuwa ba su san wani kayan dubiya ba sai nama. Kowa ya zo da ƙunshinsa, ita kuma ta karɓa da godiya, ta zagaya ta miƙa wa maƙwabta. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ce ta mayar da shi akuya. Ta toshe kunnenta. Don kada ya ga an ware shi, ita ma ganyen take ci.

Likita ya ce lallai ta yi ƙoƙari, da shekara goma baya aka fara hana shi naman, da wata maganar ake yi. Zuciyar maigidan ta riga ta gaji.

"Yanzu duk abin da ransa yake so, ki ba shi."

A hanyar fita ma'aikaciyar jinya ta tare ta, ta ɗaura mata abin awon jini kamar yadda ta saba. Ta duba, ta sake dubawa, ta yi dariya. Hawan jinin da ya addabi matar shekara shida ya sauka, kumburin ƙafarta ma ya tafi.

"Mama, me kike ci haka? Kin koma yarinya."

Ba ta taɓa jin haushin lafiyarta ba sai ranar.

Ta wuce kasuwa, ta sa aka yanko mata tsoka mai kitse, ta soya, ta kai masa ɗaki da zafinta. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ta gutsuro 'yar kaɗan ta sa masa a baki. Ya tauna, ya tauna, maƙogwaro ya ƙi karɓa. Ta tara masa hannu ya mayar.

"Har yanzu kin iya suya," in ji shi. "Rufe min, zuwa anjima."

Ta rufe kwanon, ta zauna a bakin gado, tana jin sa yana hucewa a cinyarta.