Haƙorin Malam Mordecai

Malam Mordecai tsohon hedimasta ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Zazzau, da ya ajiye aiki ya zauna a gidansa da ke Samaru shi da matarsa Janet. Mutum ne da ba ya son ƙumbiya-ƙumbiya. Ko a majami'arsu, inda yake dattijon ikkilisiya, in aka shiga kwana-kwana a taron kwamiti shi ke cewa a fito fili a faɗi magana.

A daminar 2006 fitsari ya fara ba shi wahala, can kuma kwankwaso ya ɗauka. Babban ɗansa Kefas, ma'aikaci a jami'a, ya kai shi wani asibitin kuɗi a Sabon Gari wurin Dokta Collins. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, likita ya ja Kefas ofis suka daɗe. Da suka fito aka ce wa Malam mafitsara ce ta kumbura irin ta tsufa. Za a riƙa yi masa allura, kuma kowane wata zai zo a yi masa ƙarin ruwa na ƙarfin jiki.

Ranar da aka fara sa masa ruwan, zazzaɓi ya kwantar da shi, gaɓoɓinsa kamar an yi masa dukan sakwara. Ya tambayi Kefas wane irin ƙarfin jiki ne wannan mai kayar da mutum. Kefas ya ce, "Haka yake yi da farko, Baba, zai wuce." Ya kuwa wuce. Ciwon bayan ya lafa, Malam ya koma kula da 'yar gonarsa ta kuɓewa a bayan gida.

Bayan wasu watanni turmin haƙorinsa na hagu ya soma zogi, har tuwo ya gagare shi. Kefas ya yi tafiya Jos. Wani maƙwabci ya ce masa akwai mai cire haƙori a bakin kasuwa, yanzu-yanzu zai fizge masa shi. Saura ƙiris ya je, sai dai ƙazantar wurin ta hana shi. Ya hau bas ya wuce Palladan, ya sauka Sabon Gari wurin wata likitar haƙori, Dokta Funmilayo. Bayarabiya ce haifaffiyar unguwar, Hausa a bakinta kamar jakin Kano.

Ta duba bakinsa, ta ce, "Baba, wane magani kuke sha?"

Ya faɗa mata allurar da ƙarin ruwan da Dokta Collins yake yi masa. Ta tambayi sunan ruwan, ya ce ba a taɓa gaya masa ba. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta ɗauki salula ta fita baranda ta kira Dokta Collins. Da ta dawo ta ja kujera kusa da shi.

"Ai da kun gaya mini kansar mafitsarar ta kai ga ƙashi, Baba. Ba zan cire haƙorin nan ba."

Malam ya dube ta. "Sake faɗa, 'yata."

Nan ta gane bai sani ba. Ta ba shi haƙuri, ya ce ba haƙuri yake nema ba, bayani yake so. Sai ta yi masa. Ruwan nan magani ne mai riƙe ƙashi don kada cutar ta cinye shi ya karye. Amma an fara ganin cewa wasu masu karɓarsa, in aka cire musu haƙori, ramin ba ya warkewa. Ƙashin muƙamuƙi ya fito fili, ya mutu, ya yi ta ruwa, mutum ya kasa ci. Yakan taɓa ƙoda kuma. Kamata ya yi a duba haƙoransa tun kafin a fara.

A cikin bas yana komawa, ba tsoron mutuwa ne ya cika masa ciki ba. Mai fizgar haƙorin nan na kasuwa yake ta tunawa. Da ya je, da ya kai kansa mahallaka da ƙafarsa, ba don wauta ba, don an mai da shi yaron goye a kan jikinsa.

Ya tarar da Janet tana tankaɗen garin masara a tsakar gida. Ya tsaya a kanta ya ce, "Janet, me ke damuna?"

Rariyar ta tsaya a hannunta, ta sunkuyar da kai.

"Ke ma kin sani ke nan. Wa kuma?"

"Fasto," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Da 'yan kwamiti. Kefas ya ce in ka ji, zuciyarka za ta karaya. Malam, don kai muka yi."

Sai yanzu ya fahimci dalilin da aka cire shi daga shirin bikin godiyar kaka, wai ya huta. Sai yanzu ya gane doguwar addu'ar da ake ja masa, da yadda mutane ke riƙe hannunsa su ƙi saki. Rabin majami'a na yi masa kallon gawa, shi kuwa yana ta yi musu barkwanci.

Da Kefas ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba uban ya tare shi.

"Ni na koya maka karatu, Kefas. Yaushe ka gano ba ni da hankalin ɗaukar magana?"

"Baba, tausayinka na ji. Likita ma ya ce..."

"Likita ya ce, kai ka ce, Fasto ya ce. Muƙamuƙin wa zai ruɓe? Naka? Ka san ruwan nan yana da illa?"

Kefas ya ce an ambata masa wani abu game da ƙoda, amma maganar haƙori bai taɓa ji ba.

"To ka gani. Ka karɓi kaya a madadina, kai ma ba ka san abin da ke ciki ba."

Washegari suka je asibitin. Dokta Collins ya fara magana yana fuskantar Kefas kamar yadda ya saba. Malam ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa.

"Likita, ga mara lafiyar nan. Ni za ka duba."

Likita ya gyara zama. Ya ce iyalai da yawa su ke roƙon a ɓoye, kuma matsalar muƙamuƙin ba kowa take samu ba, labarinta ma bai daɗe da fitowa ba.

"Amma ka ji labarin?"

"Na ji."

"Ka ji, kana ɗura mini abin wata da watanni, ba ka taɓa cewa in buɗe baki ka gani ba."

Likita bai musa ba. Malam ya ce to yanzu a baje masa komai a faifai. In ya bar ruwan fa? Likita ya ce cutar ta kama ƙashin baya da na ƙugu. In babu maganin, haɗarin karaya zai ƙaru, in ƙashin baya ya rufta yana iya rasa ƙafafunsa. In ya ci gaba fa? Sai a kiyaye baki, a guji cire haƙori, a riƙa gwada ƙoda. Warkewa fa? Likita ya ce babu, sai dai jinkiri da sauƙin ciwo.

Malam ya daɗe yana juya abin. Kwanciya a gado Janet na juya shi, ko baki mai ruwa da ba ya iya tauna ko karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a. Babu na zaɓe a ciki. Kefas ya buɗe baki, uban ya ɗaga masa hannu.

"A dakatar da ruwan," in ji shi, "har Dokta Funmilayo ta gama da haƙorin. Ta ce za ta kashe jijiyar ta cike shi ba tare da ta cire ba. In dasashin ya lafa zan dawo. Kuma duk ranar ƙarin ruwa a gwada ƙodata tukuna, a gaya mini sakamakon, ni da kunnena."

Haka aka yi. Haƙorin ya zauna, muƙamuƙin bai taɓu ba, ya koma karɓar ruwan. A taron zumuntar maza ya miƙe ya faɗi sunan ciwonsa da bakinsa, ya ce duk wanda ya sani ya yi shiru ya ci amanarsa, har Fasto, wanda ke zaune a gaba yana kallon takalmansa. Kefas bai taɓa yarda ya yi laifi ba, kullum cewa yake ƙauna ce, uban kuma bai taɓa yarda da hakan ba. Sun ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya, kowa na riƙe da tasa.

Malam ya je ƙauyensu ya raba gonaki tsakanin 'ya'yansa, ya kwana biyu wurin ƙanwarsa a Kafanchan. Yana tafiya da ƙafarsa har watan ƙarshe. Ya rasu da kakar 2008, a ɗakinsa na Samaru, Janet na gefensa.