Uwar Ayaba

Likita ya manna hotunan ƙirji biyu a jikin taga, hasken rana ya ratsa su. Na dama na Eduviges ne, matar Cástulo. Na hagu na 'yarsu Marbelí. Kowanne da farin tabo a mama.

Cástulo ya ƙi zama. Ko hularsa bai cire ba.

"Don Cástulo, jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu," in ji likitan. "Kullum wasu na mutuwa, wasu na maye gurbinsu. Ciwon daji ƙwaya ce da ta ƙi mutuwa, ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Injin gashi na asibitin Managua, babban birni, yana ƙone ta, amma yana haɗawa da lafiyayyun. Na mai ƙuruciya sukan farfaɗo. Na tsoho sun gaji, ba sa gyara kansu da wuri."

"Yi magana a miƙe, yaro."

"Gurbi ɗaya ya rage mana bana. Wadda ta rasa sai baɗi." Likitan ya sunkuyar da kai. "A cikinsu babu mai kai baɗi in ba a yi mata gashin ba."

"Rumfar wanke ayaba ɗaya suka yi aiki, uwa da 'ya. Hannu tsirara cikin ruwan magani. Masu gonar fa, su ma layi suke bi?"

"Su ƙasar waje suke tafiya."

"Na sani. So nake in ji daga bakinka."

Ya fita, ya bar ƙofar a buɗe.

* * *

Ya tarar da Eduviges a bakin murhu tana fyaɗa wainar masara. Hannun hagun ba ya ɗaguwa, da gwiwa take tallafe shi. Marbelí ta kai yaranta biyu wurin maƙwabta. Ya faɗa wa matarsa komai, bai rage ba.

"Gobe zan tafi Managua," ya ce. "In zauna a ƙofar asibitin da addata har su buɗe gurbi na biyu."

"Da waɗanne gwiwoyin? Kai da tashi daga kujera sai ka kira sunan waliyyai uku?"

"Ba wasa nake ba, Viges."

"Ni ma haka. Zauna, tsoho, kana tare mini haske."

Ya zauna. 

"Duk rayuwarka me ka yi wa kamfanin ayaba?" ta ce. "Ba sarar uwa ba? Ayaba ta ba da nononta, an yanke, sai ka zo da adda ka kwantar da uwar, don 'yar da ke gindinta ta samu rana. Ka taɓa tsayawa yi wa uwar kuka?"

"Ke ba ayaba ba ce."

"Je ka gaya wa kamfani. Jirginsu feshi ɗaya ya yi mana, mu da ita."

Ya bugi tebur, kofin kofi ya kife. Ba ta ko waiwaya ba.

"Marbelí ba za ta hau motar Managua ba in ta sani," ta ce. "Taurin kanka ta ɗauko. Za ka ce mata gurbi biyu ne, nawa wata mai zuwa."

"Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba."

"Shi ya sa za ta yarda."

Ya daɗe yana kallon kofin yana ɗiga ƙasa. Wasu ne suka zuba gubar, wasu suka hana injin, amma shi aka miƙa wa addar.

* * *

Da safe Eduviges ta sa rigar zuwa coci, ta shafa jan baki. A tasha ta yi ta faɗa kan ƙunshin shinkafa da wake na guzurin Marbelí, wai kada a danne shi.

Marbelí ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta tsaya. Ba uwarta ta kalla ba.

"Baba, Mama takan ɗan ƙara gishiri. Kai nake tambaya. Nata gurbin yana nan?"

Cástulo ya gyara hularsa.

"Yana nan. Wata mai zuwa."

"Ka tabbata?"

"Sau nawa zan faɗa? Shiga mota."

Ta yi murmushi, ta shiga.

Eduviges ta tsaya ƙyam tana ɗaga hannun dama har motar ta sha kwana a bayan gonar. Sannan ƙafafunta suka lanƙwashe. Ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Wani mai keken haya ya matso, Cástulo ya watsa masa harara, ya koma.

Ya saɓa ta a kafaɗa, ya kama hanyar gida ta tsakiyar layukan ayaba. Kafaɗar ta san nauyin nonon ayaba da ya ƙosa. Matarsa ba ta kai rabinsa ba.