Ranar da Aka Zubar da Maganin Tanwir

Ina cikin liƙe tayar keke a bakin shagona sai maƙwabcina Ishtiyak ya fito da ledar maganin ƙanensa, ya juye ta a kwata.

"Yaya, na asibiti ne fa," in ji Tanwir daga bakin ƙofa.

"Asibitin me? Duk abin da zai sa ƙato barci da rana tsaka kayan maye ne. Haka suka ce a gidan horo."

Jiya-jiyan nan aka sallamo Tanwir daga gidan horon, bayan kwana arba'in ba hodar maye. Kowa a layinmu na garin Multan ya san yana sha. Abin da ba a faɗa shi ne tun yana ɗan shekara ashirin yake jin muryoyi suna zaginsa, kuma hodar ce ta fara yi masa maganinsu kafin likita ya rubuta masa wannan.

Na ce, "Ishtiyak, akwai wata likita a babban asibiti da ke haɗa biyun, shan da ciwon kan, a ɗaki ɗaya. Ɗan wana can ya warke."

"A wane ɓangare take?"

Na faɗa masa.

"Wajen mahaukata? Kawu, ka ji da tayarka. Ɗan maye dai muna da shi, mun yarda. Mahaukaci kam babu a gidanmu."

Na ji da tayata. Ni ba mai shiga sha'anin gidan mutane ba ne, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan halin ba.

Sati biyu Tanwir yana tsaf. Ya yi ƙiba, uwarsa Inna Parwin ta raba halawa gida-gida. A sati na uku ya fara zuwa shagona yana zama kusa da injin iska.

"Kunna shi, Kawu."

"Ba taya, me zan hura?"

"Kunna dai. In yana ƙara ba na jin su."

Na riƙa kunna masa, har maƙwabta suka yi ƙorafi na daina.

Ranar Laraba bayan azahar aka tsinci gawarsa a bayan injin niƙa, allura a hannu. Adadin da ya saba sha a da ya ɗauka, jikin kuwa ya riga ya manta da shi. Ishtiyak ya ce wa masu gaisuwa ciwon zuciya ne, kowa ya ce Allah ya jiƙansa.

Ni da liman muka yi masa wanka a tsakar gida. Da muka gama, liman ya yagi auduga, ya juya kan Tanwir zai sa masa a kunne, sai ya tsaya. Akwai wata a ciki tuntuni, ta yi baƙi, an tura ta can ciki da tsinke. Ya duba ɗaya kunnen, haka.

Liman ya mayar da tasa audugar cikin faranti, muka ja likkafani.