Kati na Uku a Hannun Barira

Barira ta goge tafin hannunta a jikin zane, ta miƙa ta zari katin farko daga kan tebur. Hannun rawa yake yi, har haushin kanta ya kama ta. Hannun da ya karɓi haihuwa ba iyaka tsakanin Rano da Kibiya, yau shi ne yake karkarwa a kan guntuwar takarda!

"Iya, a hankali, ba kora ake yi ba," in ji Malam Ɗantsoho, wanda aka turo daga Kano don jarrabawar. "Kati uku za ki ɗauka, duk na mutanen da ke jira a waje. Ki fita bakin ƙofa ki karanta suna da gari da ƙarfi, mai shi ya shigo. Shi ke nan."

Shi ke nan a bakinsa. A gefensa Baturiyar asibiti ce a zaune, wadda ake ce wa Sista, da alƙalami a hannu da takarda mai layi-layi. Ba ta fara'a, ba ta ɗaure fuska, kallo kawai take yi, kuma kallon nan ne ya fi tayar wa Barira da hankali.

Wata uku ke nan da takarda ta zo daga En'e, hukumar gargajiya, cewa ga mulkin kai na matsowa, duk ma'aikacin ɗakin shan magani da bai iya karanta katin majiyyaci ba sai ya ajiye aiki. Aka buɗe musu aji kullum bayan la'asar a gindin durumin bayan asibiti, Malam Shitu yana koyarwa. Su tara ne, Barira ce kaɗai mace, kuma ita ce babba. Matan unguwa sun sha dariya, har suna yi mata sannu da zuwa makaranta. Ta haɗiye. Maigidanta, Malam Sule, idonsa ya mutu tun shekara huɗu, aikin nan nata shi ke riƙe da gidan. In aka sallame ta yau, wallahi ba ta san inda za su sa kansu ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin baƙaƙen.

"Hu... Huseina. Saji."

Wata mai goyo ta miƙe daga benci ta shigo. Alƙalamin Sista ya motsa. Barira ta koma ta zari na biyu, wannan karon bakinta ya ɗan saki.

"Lado, Durba!"

Wani dogon Bafulatani ya jingine sandarsa ya taso. Malam Shitu, da ke tsaye jikin taga yana leƙe, ya gyaɗa mata kai. Saura ɗaya. Har ta fara jin sanyi a ranta.

Ta zari na uku, ta duba, sai ta tsaya cak.

Ba wuya ya yi mata ba. In da wuya ce ai da sauƙi. Tun kafin ta ɗora yatsa ta karance shi tsaf: Habu Sule, Fammar. Sunan ɗanta na fari ne, ga kuma na mijinta manne da shi. Shekara ashirin da takwas da haihuwarsa, bakinta bai taɓa furta sunan nan ba, kamar yadda ta tarar uwarta da kakarta suna yi wa nasu. "Yaron nan" take cewa. Shi kuwa maigidan "Malam" ne tun ranar da aka kai ta ɗakinsa. Ko a aji, in karatu ya biyo ta kan Habu ko Sule, Malam Shitu yakan tsallake ta ya ba na kusa da ita, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Duk tsawon wata ukun nan ba wanda ya yi tunanin ranar da kati ba zai tsallake ta ba.

Ta leƙa waje. Ga shi can ƙarshen benci, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma, jini ya ɓullo ya bushe. Ashe ya zo tun tana ciki, ba ta sani ba. Gabanta ya faɗi sau biyu, na ƙafar da na katin.

"Iya, muna jira," in ji Malam Ɗantsoho.

"Ranka ya daɗe," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "na yaron nan ne."

Malam Ɗantsoho ya karɓi katin ya duba, ya dubi fuskarta, nan take ya gane. Shi ma ɗan Hausa ne, uwa ce ta haife shi. Ya miƙa hannu zai sauya mata wani, sai Sista ta ɗora yatsa a kan sauran katunan. Ya juya ya yi mata bayani da Turanci, doguwar magana, har da nuni da hannu. Ta saurara har ya gama, sannan ta dubi Barira da Hausarta mai tsinke-tsinke.

"Na ji. Amma gobe wani Habu ya zo, babu Malam a nan. Ki ce yaron nan, yaro uku su tashi. Wa ya sha magani?"

Kai, abin haushin ma gaskiya ta faɗa. Barira ta so a ce rashin mutunci aka yi mata, da ta sami abin riƙewa ta yi fushi. Sista ta mayar mata da katin, ta ɗaga alƙalami, ta tsaya.

Barira ta fita bakin ƙofa. Habu ya hango ta da takarda a hannu, ya ga yadda ta tsaya, ya gane. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya fara ɗingisowa tun ba a kira shi ba, don ya rufa mata asiri.

"Malam, koma ka zauna," in ji Malam Ɗantsoho daga ciki, muryarsa ba daɗi. "Sai an kira."

Ya koma ya zauna, kansa a ƙasa. Rabin mutanen da ke benci sun san ta, wasu ma ita ta yanke musu cibi. Malam Shitu ya bar jikin taga ya juya baya, ya kasa kallo.

Ta tuna Malam, maigidanta, a zaure yana lalube da sanda. Ta ja numfashi, ta kafa ido a kan katin, ba ta dubi kowa ba.

"Habu Sule, Fammar!"

Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda ta so. Wata tsohuwa a benci ta ce, "A'a!" ta toshe baki da gefen mayafi. Kunya ta rufe Barira tun daga kai har ƙafa, ta san kuma kafin ta isa gida labarin ya riga ta. A bayanta ta ji alƙalami ya ja layi, ta ji Malam Ɗantsoho yana cewa ta ci, ko juyawa ba ta yi ba.

Habu, magidanci mai gemu da 'ya'ya uku, ya daɗe bai motsa ba. Bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Da ya taso, idonsa ya yi ja. Ya zo ya tsaya gabanta yana kallon ƙasa.

"Na'am, Iya."

Ta kauce masa ya shige. Ta zaunar da shi a kujerar wankin ciwo, ta jawo kwano da ruwan ɗumi, ta durƙusa ta fara warware tsumman. Saran gatari ne, ya kwana biyu, har ya fara kumbura. Ba wanda ya dubi wani.

"Iya," ya ce a hankali, yadda na tebur ba za su ji ba, "da kin bar musu aikin. Ai da na riƙe gidan."

Ta matse tsumma cikin ruwa, hannunta ya daina rawa.

"Da wace ƙafar?" ta ce. "Miƙo ta nan."